Kallon Kaka

Ƙanena da ke karatu a ƙasar Kanada ne ya tayar da zancen, ba tare da ya sani ba. A farkon watan Oktoba ya aiko mini da hotuna ta waya: wani dogon titi tsakanin itatuwa, ganyayensu duk sun rine, wasu ja wur, wasu ruwan ɗorawa, wasu ruwan goro. Ya ce a can, da arewa maso gabashin Amurka, da Japan, mutane kan cika mota da mai su yi tafiyar sa'o'i don kawai su ga wannan ganye kafin ya zube. Har taswira ake fitarwa mai nuna makon da launin zai fi kyau a kowane yanki. Idan yini ya gajarta, sanyi ya matso, sai itacen ya daina yin sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, launukan da ke ɓoye su bayyana. Jan ganyen da ke tsakiyar tutar Kanada ma na irin itacen ne.

Na kai wa Baba wayar a zaure bayan sallar la'asar. Ya matso da ita har ta kusa taɓa hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Babana, wannan gobara ce?" Sunan mahaifinsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. Na yi masa bayani kamar yadda aka yi mini. Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Wato mataccen ganye suke zuwa gani. Allah mai iko. Ni da za a kai ni in ga dawa ta nuna, da na gode."

Bai faɗe ta da muryar roƙo ba, amma maganar ta hana ni barci. Baba manomi ne tun yana yaro, a wani ƙauye yamma da Batsari, bakin dajin Rugu. A shekarar 2020, bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen sun kore shanu sun ƙone rumbuna, muka ɗauko shi da Inna muka kawo su birnin Katsina. Gidan hayar da muka samu yana kusa da Ƙofar 'Yanɗaka, wato ƙofar da hanyar Batsari ta fita. Kullum yana jin 'yan kamasho suna kiran sunan garin, amma bai sake bin hanyar ba. Akwai kuma abin da na sani shi bai sani ba. Likitan ido ya ja ni gefe ya gaya mini cewa hawan jinin ido ya ci ganin Baba sosai, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkirta ciwon kawai yake yi. Na lissafa a raina: in bai ga kakar bana ba, babu tabbacin idonsa zai kai ta baɗi.

Washegari na ce masa za mu fita kallon kaka. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin wanda ya ƙona mai don kallon gonar wani ba. Amma kafin in tashi ya fara tsara mini lokaci, domin a wannan fanni shi ne malami. Ya ce gero ya riga ya wuce, an yanke shi tun a watan Satumba, sai dammuna a jere. Dawa kuwa sai Nuwamba za a sare ta, kuma da zarar hunturu ya kunno kai ƙura za ta rufe komai. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan makonni da gona ke nuna duk abin da ta mallaka: kaura ta yi ruwan ɗorawa, farfara ta yi fari, zoɓorodo ya yi ja a kan iyaka, wake ya fara bushewa, an tuge gyaɗa an kifa ta tana shan rana. Muka tsayar da Asabar ta ƙarshen Oktoba.

Zaɓen lokaci bai ba mu wahala ba. Zaɓen hanya ne ya cinye mini mako biyu. Ƙanena ya ce su a can abin da suke tambaya shi ne wace hanya ta fi kyan gani. Ni kuwa tambayar da na yi ta yi wa direbobi a tasha ita ce wace hanya ce ake zuwa a dawo. Na zana hanyoyin da suka fita daga Katsina a bayan wata takarda, na shiga soke su ɗaya bayan ɗaya. Ta Batsari ita ce zuciyar Baba ke so, ita na fara sokewa. Ta Jibiya na soke, duk da madatsar ruwanta da lambunan da ke kewaye da ita. Na daɗe ina kallon ta Dutsin-Ma, domin nan ne duwatsu suke, ga madatsar Zoɓe, in an miƙa kudu kuma a kai ƙasar Funtuwa inda auduga ke fashewa fari fat. Amma hanyar ta bi ta Ƙanƙara, garin da aka kwashe ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamba na 2020, kuma ban manta ba a 2021 gwamnatin jiha da kanta ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Wani tsohon direba ya ce da ni, "Yaro, motoci na bi, mu ma muna bi, don abincinmu ke nan. Amma kai da za ka ɗauki tsoho don shan iska, me za ka gaya wa 'yan'uwanka in wani abu ya faru?" Na soke ta.

Hanyar Daura ta rage, kimanin kilomita 80 zuwa gabas, ta bi ta Mashi. Da na gaya wa Baba sai ya taɓe baki, ya ce ƙasar gabas jigawa ce, dawarsu ba ta kai tamu tsayi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da babu gara ba daɗi."

Saura kuɗin mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 ya zama abin da ake zama a yi wa lissafi. Wani abokin aikina ya ara mini motarsa, na ajiye abin da zai kai mu ya dawo da mu. Saura kuma Inna, wadda ta ce ba da yawunta ba. Ta ce mun fito da mutum daga daji da ƙyar, yanzu kuma za mu mai da shi da ƙafarmu. Sai da na yi mata alkawari uku: ba za mu fita ba sai rana ta fito, ba za mu sauka daga kwalta mu shiga hanyar burji ba, kuma a gida za mu yi sallar la'asar. Duk da haka ita ta dama mana fura tun da asuba, ta sa a jarka, ta haɗa da goro da buta da darduma.

Na yi zaton ni zan riƙa faɗa wa Baba abin da ke gefen hanya. Da muka bar gari sai ya ce in sauke gilashi. Ya kai fuskarsa ga iska, ya ce, "An tuge gyaɗa a nan." Na duba, ga ta kuwa a kife. Can gaba ya ce yana jin ƙanshin harawa, sai ga wasu yara sun ɗoro ta a kan amalanke. Ni ina ba shi labarin launi, shi yana ba ni labarin abin da launin ke nufi. Na nuna masa wata gona da ganyenta ya yi rawaya mai ban sha'awa, ya tambaye ni tsayin karan, da na faɗa ya ce wannan yunwa ce, mai gonar bai samu taki ba. Kukoki sun fara kakkaɓe ganyensu, na ce ga irin abin da Turawa ke zuwa gani. Ya ce in dai kuka ce, matan ƙauye sun riga Turawa, sun tsinke ganyen tun yana ɗanye sun shanya don miya.

Bayan mun wuce Mashi ya ce in tsaya, ya hango wani duhu a tsakiyar gona yana so ya san ko gawo ne. Gawo ne kuwa, babba, ya fara fitar da sabon ganye kore shar. Baba ya ce in lura: duk itatuwa na shirin tuɓewa, shi yanzu yake sa riga. Da damina, lokacin da shuka ke bukatar rana, gawo kan zubar da ganyensa ya tsaya tsirara, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da babu inuwa, sai ya yi ganye ya kuma zubo wa dabbobi 'ya'yansa. Shi ya sa manomin kirki ba ya sare shi, shi ya sa kuma dawar da ke gindinsa ta fi ta ko'ina tsayi. Ya ce akwai guda bakwai a gonarsa ta gado, ya fara faɗa mini inda kowanne yake, sai muryarsa ta sarƙe, ya bar lissafin a na huɗu.

Gonar tana bakin kwalta, don haka ban karya alkawarin Inna ba da na riƙe hannunsa muka shiga. Ya tuɓe takalmansa. Mai gonar, wani magidanci da ke roron wake da 'ya'yansa, ya taso ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Mu baƙi ne daga yamma, kallo muka zo." Mutumin bai tambayi dalili ba, kalmar yamma ta ishe shi. Baba ya lanƙwaso kan wata dawa, ya shafa ta daga tushe har ƙarshe, ya murje 'yan ƙwayoyi a tafin hannunsa, ya kai ɗaya baki ya ciza. Ya ce, "Kaura ce, ta kusa. Ka ba ta kwana goma." Mai gonar ya ce shi ma haka ya lissafa. Suka tsaya suna zancen ruwan bana da farashin taki kamar sun shekara da sanin juna, ni kuwa ina riƙe da waya na manta ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Ba mu ƙarasa Daura ba. Baba ya ce abin da ya fito gani ya gani, rijiyar Kusugu tana nan ba za ta gudu ba. Da za mu tafi mai gonar ya zaɓi zangarniya uku mafi cika ya yanko, ya ba shi da hannu biyu. Muka sha furar Inna a inuwar gawon, muka juyo, muka yi la'asar a masallacin unguwarmu.

Da dare ƙanena ya kira yana tambayar hotuna. Na ce babu. Baba ya karɓi wayar ya ce masa ya ci gaba da kallon ganyensa, amma in ya tashi dawowa ya daidaita zuwansa da kaka. Zangarniyoyin nan uku kuwa ya hana a sussuke su. Ya sa na ɗaure su na rataye a zaure, sama da inda yake zama, inda ɓera ba zai kai ba. Na tambaye shi amfanin ajiye su, ya ce iri ne, kuma ƙasar yamma za ta karɓe shi.