Komawarmu Zauren Ɗinki Bayan Shekara Shida

A wannan mako muna roƙon masu karatu su yi mana uzuri, domin za mu ajiye amsa tambayoyi, mu ba da labarin wani abu da ya auku a kanmu. Ba don daɗin faɗarsa za mu faɗa ba, sai don mun tabbata a cikin 'yan kasuwa da ma'aikata akwai masu ɗauke da irin kayan da muka ɗauka, suna kuwa ɓoyewa kamar yadda muka ɓoye.

Tun muna yara a birnin Zazzau muka koyi riƙon allura. A wancan zamani karatu da ɗinki tare su ke tafiya. Almajiri ya kan ɗauki darasi da safe, da hantsi kuma ya zauna ya yi surfanin hula ko aikin riga, da abin da ya samu ya ke sayen sabulu da kananzir da takarda. Manyan malamai da yawa da allura suka ci da iyalinsu, ba su miƙa hannu ga kowa ba. Sa'ad da muka tafi karatu Masar, mukan bi ta Babu Zuwaila a Alƙahira mu shiga titin Hayamiyya, inda maɗinka ke zaune cikin ƙananan shaguna suna yanka ƙyallaye masu launi suna ɗinka su bisa zane mai kauri. Ganinsu ya kan tuna mana gida ƙwarai. Saboda haka da muka komo a 1999 muka kama aikin koyar da Larabci, ba mu yi wata-wata ba muka nemi zauren da za mu riƙa zama ran Alhamis da Jumma'a bayan La'asar.

Zauren na wani dattijo ne, wanda dukanmu mu ke kira Baba. Kakanninsa maɗinka lifidi ne, watau rigar nan ta doki da mahayi wadda a ke cusa wa audugar rimi a tsakanin zane biyu, sa'an nan a bi ta da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Da can kayan yaƙi ne, yanzu kuwa sai ran hawan salla a ke ganinsa. Baba ya gaji wannan, ya kuma iya zanen babbar riga. Shi ke zana mana aska biyu da aska takwas bisa aljihu, da tambari a ƙirji da baya, mu kuma mu bi da zare. A wurinsa muka san bambancin alharini da tsamiya, wadda a ke samu daga saƙar tsutsa a jikin itatuwan daji, a dafa ta da toka kafin a kaɗa. Mu goma sha biyu ne. Akwai mai sayar da shadda, akwai akawu, akwai direba, akwai malaman makaranta biyu. In an yi wa ɗayanmu haihuwa tare mu ke zuwa suna, in an yi rasuwa tare mu ke zaman makoki.

A ƙarshen 2017 muka kafa adashi, Baba ne mai riƙo. Zubi Naira 20,000 ne kowane wata, mai kwasa ya ɗauki Naira 240,000. A wata na uku aka ba mu, domin muna gyaran ɗaki. Muka yi zubi biyu bayan wannan, saura bakwai, watau Naira 140,000. Ana nan sai mahaifinmu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo ya san abin da mu ke nufi. Magani kullum, gashin ƙashi kowane mako, ga juya majinyaci da dare don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Albashi ya kan ƙare kafin goma ga wata. Watan farko da muka kasa zubi muka aika yaro ya ce muna asibiti. Wata na biyu muka ce sai an yi albashi. Wata na uku ba mu aika kowa ba.

To, jama'a, a nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. Kunya ta kama mu, irin kunyar da ba ta da alheri. Muka riƙa faɗa wa kanmu, yaya za a yi mutumin da ke karantar da babin ciniki da bashi ya zauna cikin mutanen da ya riƙe wa kuɗi? Muka ƙudura cewa ba za mu sake taka zauren ba sai da kuɗin a hannu. Muka sauya hanya. Lungun da mu ke bi shekara goma sha tara muka daina binsa, mukan yi zagaye mai nisa don kada mu yi kiciɓis da wani. Sau biyu Baba ya tako da sandarsa ya zo duba mahaifinmu. Zuwan farko muka karɓe shi a tsaye. Zuwa na biyu, Allah Ya gafarta mana, muka sa aka ce ba mu nan, alhali kuwa muna jin muryarsa daga cikin ɗaki yana yi wa majinyaci addu'a.

Wahala kuwa ba ta zo ita kaɗai ba. A 2020, cikin kwanakin kullen korona, ƙanenmu ɗan kasuwa ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar mata da 'ya'ya shida, jarinsa kuma kulle ya riga ya cinye. Suka komo hannunmu. A 2021 mahaifinmu ya cika. Mutanen zaure duka suka zo ta'aziyya, suka zauna kwana uku, ba wanda ya ambaci adashi ko da wasa. Maimakon wannan ya kwantar mana da rai, sai ya ƙara mana nauyi, muka kasa haɗa ido da su. A azumin 2023, sa'ad da mutane ke fama da ƙarancin takardun Naira, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Muka tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa muka sulale. Ba mu taɓa jin ƙanƙantar kanmu kamar ta wannan rana ba.

A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kome ya yi tsada, amma cikin ikon Allah babban ɗan marigayi ƙanenmu ya sami aiki, nauyi ya ragu. Muka fara tara kuɗin kaɗan-kaɗan. Sai kuma wata tambaya ta taso, wadda ta shafi kowane mai bashi a ƙasar nan: nawa za mu biya? A 2018 Dalar Amurka tana wajen Naira 360, a 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Kuɗin da zai sayi buhunan masara masu yawa a da, yanzu kaɗan zai saya. Mafi yawan malamai, har da mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya, suna ganin bashi ana biyansa da kwatankwacin adadinsa ne, ba da ƙimarsa ba, don toshe ƙofar riba. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, shi ya ga a duba ƙima idan darajar kuɗin da ba zinariya ko azurfa ba ta sauya. Amma malamai da yawa suna ganin cewa idan mai biya ya ƙara wani abu don kansa, ba da sharaɗi ba, ba kuma bisa wata al'ada da aka saba ba, wannan kyautata biya ne, kuma halin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saboda haka muka tara Naira 300,000.

Ran Alhamis ta biyu bayan Babbar Salla ta 2024 muka shiga lungun. Sau biyu muka tsaya kamar mu juya. Muka yi sallama a bakin zaure, aka amsa, sai wurin ya yi tsit. Mutum bakwai muka tarar daga cikin na da, da samari huɗu da ba mu sani ba. Direban nan ne ya fara magana, ya gusa bisa tabarma ya ce, "Allah gafarta Malam, ga wurinka nan, shigo daga ciki." Ba wanda ya ce ina ka shiga. Aka tambayi iyali, aka tambayi marayu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, aka miƙo goro.

Da aka yi sallar Magariba muka ja babban ɗan Baba gefe, muka ciro kuɗin, muka ce, "Alhaji, wannan haƙƙin mutanen adashi ne da ya daɗe a wuyanmu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai babu mai binka kome. Tun watan da ka fara kasawa Baba ya riƙa zuba maka daga aljihunsa, har adashin ya ƙare." Muka ce to ashe bashin ya koma na magada, sai a sa cikin gado. Ya kira mai shadda da akawu, suka shaida cewa tun 2019, yana cikin ƙoshin lafiyarsa, Baba ya ce ya yafe duniya da lahira. Suka ƙara da cewa zuwan nan nasa na biyu, wanda aka ce masa ba mu nan, ya zo ne musamman don ya faɗa mana haka da bakinsa. Da ya komo sai ya hana kowa kai mana labari, ya ce a ƙyale Malam, in aka aika masa zai ɗauka gori ne, ranar da ya komo da ƙafarsa a gaya masa.

Masu karatu su duba wannan al'amari. Shekara biyar muna gudun bashin da babu shi. Mun hana kanmu zama da 'yan'uwa a daidai lokacin da muka fi bukatarsu, mun kuma rufe ƙofa ga mutumin da ya zo sauke mana kaya. Yafewar da aka yi cikin lafiya, gaban shaidu, ta zartu a shari'a, magada ba su da abin nema. Amma gaisuwar da muka ƙi amsawa, ita ba mu da inda za mu biya ta, sai addu'a. Kuɗin kuwa muka raba biyu. Rabi muka shiga muka gai da Inna, matar marigayi, muka ba ta a matsayin kyauta. Rabi aka sayi zare da yadi don samarin da ke koyo.

Kafin mu tashi aka ɗauko wani ƙunshi daga cikin adaka. Rigar da mu ke yi wa aska takwas ce a 2018, an naɗe ta cikin tsohon zane, allurarmu tana soke inda muka tsaya, ta yi tsatsa har ta ɓata wurin kaɗan. Askake biyar mun gama, saura uku, zanen Baba yana nan bai goge ba. Wani ya taɓa cewa a ƙarasa a sayar, Baba ya ce a'a, mai ita zai zo. Hannunmu ya yi nauyi, ido kuma sai da tabarau, har ɗaya daga cikin samarin ya riƙa zura mana zare a kafar allura. Wata biyar muka yi kafin mu kai ta wurin bugu.

Abin da muka fahimta, wanda mu ke so ya isa ga kowa, kashi biyu ne. Na farko ga wanda a ke bi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne mutum ya kasa. Abin kunya shi ne ɓuya. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma kwaɗaitar da shi ga yafewa. To, yaya za a saurara wa wanda bai zo ya faɗi halin da ya ke ciki ba? Da mun je tun watan farko mun ce, "Baba, ga abin da ya same mu," da an rubuta, an sa lokaci, zumunci kuma ya tsira. Mun kira abin da ya hana mu kunya, amma da muka bincika zuciyarmu sai muka tarar girman kai ne ya yi rawani. Ba mu so a ga malami cikin bukata.

Na biyu ga waɗanda suka rage a zaure, ko a kasuwa, ko a ofis. In kun ga ɗan'uwa ya ɗauke ƙafa, kada ku yi saurin cewa ya ci amana ko ya yi girman kai. Sau da yawa jinya ce, ko marayu, ko albashin da bai kai ba. Zumunta a ƙafa ta ke, ku taka ku je, ko an ce ba ya nan ku sake komawa. Ranar da ya komo kuma ku gusa masa bisa tabarma, ku bar tambaya sai ya faɗa don kansa. Baba ya kan ce audugar lifidi ba ta da wani ƙarfi, ɗinkin da ya riƙe ta wuri-wuri shi ke sa ta tare kibiya. A da mun ɗauka maganar sana'a ce kawai.

Yanzu kowace Alhamis muna can, tare da biyu daga cikin marayun ƙanenmu, waɗanda suka fara surfanin hula. Wanda duk ya san akwai wani lungu da ya daina bi saboda irin wannan dalili, muna yi masa nasiha ya bi shi cikin makon nan, da kuɗi ko babu, tun wanda zai je wurinsa yana da rai.

Allah Ya jiƙan Baba da iyayenmu da dukan Musulmi, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Tambayoyin da suka taru za mu ci gaba da amsa su mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.