Laƙabi Da Sunan Yanka A Wajen Eta

Da aka fara koya mana sunayen eta a ajin kemistiri, sai na ɗauko dabarar da na saba da ita tun ina yaro: na rubuta su jere, na yi ta bita har na haddace. Ran jarrabawa Malam ya zana wani a allo wanda ba ya cikin jerin nan nawa, ya ce a faɗi sunansa. Na yi zuru, alƙalami a hannu, har aka karɓi takardu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin baɗi war haka ni zan tsaya gaban yara.

Da na natsu na sake dubawa, ashe sunan da kansa shi ke bayyana ƙirar abin. Eta ƙwayar oksijin ce guda a tsakiya, da reshen kabon ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kowane reshe yawan kabon ɗinsa ke ba shi suna: mai 1 metil, mai 2 etil. Tsohuwar hanya ita ce a kira rassan biyu, sa'an nan a ce eta, kamar etil metil eta. In rassan iri ɗaya ne, a sa "dai" a farko, watau biyu: daietil eta ke nan, wanda Morton ya shaƙa wa majinyaci a Boston a 1846, aka yi masa fiɗa yana barci. Wannan kamar laƙabi ne.

Sunan yanka kuwa yana bin ƙa'idar da masana suka soma shiryawa a Janeba a 1892. Babban reshe shi ne uba, shi ke zama a ƙarshen suna. Ƙaramin a gama shi da oksijin, a ce metoksi ko etoksi. Ta haka etil metil eta ya zama metoksi-etan.

Kada wani ya ce wahalar banza ce. Daimetil eta da etanol ƙwayoyinsu daidai su ke: kabon 2, haidirojin 6, oksijin 1. Amma na farko iska ne, na biyu ruwa ne mai tafasa a digiri 78. Mazaunin oksijin kaɗai ya raba su, suna kuwa shi ke nuna mazaunin.

To, 'yan'uwana masu shirin koyarwa, jiya na gaya wa abokin ɗakina ƙa'idar nan, na zana masa eta mai etil a kowane gefe. Ya yi shiru kaɗan, ya ce etoksi-etan. Haka na ke fatan yi da yara: in ba su ƙa'ida, su raɗa sunan da kansu.