Laifin da Ba na Tsufa ba

Sau da yawa mukan ɗora wa tsufa laifin da ba nasa ba. Idan dattijo ya fara jan ƙafa kamar an manne ta da ƙasa, mantuwa ta yi masa yawa, fitsari kuma ya riƙa kufce masa, sai a ce ai shekaru ne. Haka aka yanke wa mahaifina hukunci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne alwalarsa ba ta kai shi masallaci, har kunya ta tsare shi a ɗaka.

Alhali kuwa tun a 1965 likitocin nan, Salomon Hakim da Raymond Adams, suka bayyana waɗannan alamomi uku. Ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa ne yake taruwa a kogunanta yana buɗa su, duk da awon ƙarfinsa kan nuna daidai. Akan dasa siririyar roba ƙarƙashin fata, ta janye ruwan daga kai zuwa ciki.

Bayan an yi masa wannan aiki, tafiya ta fara dawowa, fitsarin ya biyo baya, mantuwar ce dai ba ta sake shi duka ba. Yanzu yakan tambaye ni ranar mako sau uku, amma da ƙafarsa yake zuwa sahun farko.