Bayan An Ɗinke Ƙirji

Idan aka yi zancen tiyatar zuciya, sunayen da akan tuna na masu riƙe da wuƙa ne. Akan tuna Christiaan Barnard, wanda ya yi dashen zuciya na farko a duniya a birnin Cape Town a 1967. A Nijeriya kuwa akan tuna Fabian Udekwu da Magdi Yacoub, waɗanda suka fara buɗe zuciya suka yi aiki a cikinta a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Sun cancanci yabo. Amma aikin mai tiyata na 'yan sa'o'i ne. Zuciyar da aka gyara kuwa, sai an sami mai riƙonta shekara da shekaru, shi kuwa ba a cika jin sunansa ba. Ga labarin wata mai irin wannan riƙo.

Walia unguwa ce a kudancin Njamena, babban birnin Cadi, a ƙetaren kogin Shari, kusa da inda yake haɗuwa da Logon. A can wata Bahausa take zaune, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a bakin hanya tana ciyar da 'ya'ya huɗu. Ba ta yi makaranta ba, amma ciniki ya koya mata lissafi. Autarta tana da shekara 9 ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Aka kai ta wurin wanzami ya cire mata belu, yadda aka saba, bayan kwana kaɗan ta warware. Da aka yi 'yan makonni gwiwoyinta suka kumbura, aka ce sanyin ƙashi ne. Shi ma ya wuce, kowa ya manta.

Ashe cutar ba ta manta ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara. Idan ba a kashe ta da fenisilin ba, wani lokaci sojojin jiki da suka tashi yaƙi da ita sukan rikice, su faɗa wa gaɓoɓi da zuciya. Zuciya tana da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya, kamar bawul na famfo. Duk lokacin da ciwon ya dawo sai ya bar tabo a kansu, har ƙofa ta ƙanƙance ko ta kasa rufuwa. A ƙasashen masu arziki wannan cuta ta kusa ɓacewa. A duniya kuwa har yanzu tana kashe mutum kamar 300,000 kowace shekara, yawancinsu talakawa masu cunkoso a ɗaki ɗaya.

Yarinyar tana shekara 15 ta fara haki in ta ɗauko bokitin ruwa. Daga baya ƙafafunta suka kumbura, barci ya gagare ta sai a zaune. Likita ya saurari ƙirjinta, ya aika a yi hoton zuciya, sa'an nan ya kira uwar ya ce, "Mama, ƙofa ɗaya ta lalace. Magani zai rage mata wahala, amma ba zai gyara ta ba. Sai tiyata."

Hanyar da ta buɗe musu ta Hartum ce, tafiyar kusan kilomita 2,000. A can ƙungiyar Emergency ta Italiya, wadda likita Gino Strada ya kafa, ta buɗe cibiyar tiyatar zuciya mai suna Salam a 2007. Kyauta take aiki, a lokacin tana karɓar marasa lafiya daga ƙasashe da yawa, har da Cadi. A irin wannan tiyata akan tsaga ƙashin ƙirji, a haɗa jijiyoyi da wani inji mai karɓar aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar cak, a yanke ƙofar da ta lalace a ɗinka sabuwa, sa'an nan a tashe ta.

Sabuwar ƙofa iri biyu ce, kowace da nata nauyi. Akwai wadda akan yi da fatar zuciyar saniya ko ƙofar zuciyar alade. Ita ba ta bukatar shan magani har abada, amma a jikin matashi takan tsufa da wuri, sai an sake tsaga ƙirji. Akwai kuma ta ƙarfe, wadda ba ta tsufa, amma jini yana son daskarewa a kanta, don haka dole mai ita ya sha maganin tsinka jini, wato warfarin, kullum har ƙarshen ransa. Wannan magani kuwa yana iya yi wa ɗan tayi lahani, musamman a watannin farko na ciki. Mai karatu ya duba wannan zaɓi: yarinya ba ta ko yi aure ba, ana auna ranta da haihuwarta a kan sikeli ɗaya. Uwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Likita, wa ya ba ni tabbacin zan sake samun hanyar zuwa nan? A sa mata wadda ba ta lalacewa."

Aka yi aiki, aka dace. Suka dawo Walia, 'yan unguwa suka yi ta zuwa barka, yara suna kara kunne a ƙirjinta su ji ƙofar tana ƙas-ƙas kamar agogo. Kowa ya ɗauka an gama. A wurin uwar kuwa, ranar ce aka fara.

Warfarin magani ne mai wuyar sha'ani. In ya yi kaɗan, gudan jini zai toshe ƙofar ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye rabin jiki. In ya yi yawa, jini zai ɓalle ta hanci ko ta ciki. Saboda haka akan ɗebi jini a kai a kai a yi wani awo da likitoci ke kira INR. An gaya wa uwar lambar 'yarta kada ta sauka ƙasa da 2.5, kada ta haura 3.5. Ta sayi littafin 'yan makaranta, babban ɗanta ya ja mata layi uku: ranar awo, lambar da ta fito, yawan ƙwayar da za a sha. Haruffa ba ta iya karanta su ba, amma lambobin nan ta san su kamar kuɗin ƙosai.

Ta kuma gane abin da likitoci suka sani, cewa ganye yana rage ƙarfin maganin. Zogale, alayyafo, lalo, duk suna taɓa lambar. Ba a hana cin su ba, amma ba a son yau a ci da yawa gobe a daina. Sai ta tsara miyar gidan bisa haka. Ga kuma allurar fenisilin wata-wata, mai zafi ƙwarai, domin kada ciwon ya dawo ya ci sauran ƙofofin. Ran da yarinyar ta gaji ta ce, "Inna, ai na warke, a bar ni haka," sai uwar ta buɗe littafin ta ce, "Warkewarki tana cikin nan. Ɗauko mayafinki."

Da manema suka fito, ba ta ɓoye kome ba. Dangin na farko da suka ji zancen haihuwa sai suka janye. Na biyu, wani tela, ta ce masa ba za ta karɓi kome nasa ba sai ya bi su asibiti ya ji da kunnensa cewa ciki ba ya yiwuwa sai da shiri, da canjin magani, da idon likita. Ya je, ya ji, ya ce ya yarda.

A damina ta 2022 Shari da Logon suka cika suka yi ambaliya, ruwa ya ci gidaje da yawa a Walia, mutane suka fita a kwalekwale. Uwar ta bar tukunyar tuyarta a ruwa, amma littafin da ƙwayoyin suna ƙulle cikin leda a ƙarƙashin ɗankwalinta. A watan Afrilu na 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Hartum, filin jirgin sama ya rufe, hanyar da suka bi ta toshe. A ranar ta san abin da ya sa bakinta ya zaɓi ƙofar ƙarfe.

Binciken masana ya bi sawun abin da matar nan ta gane da hannunta. A 2007 aka buga sakamakon wani bincike a Mozambik da Kambodiya, wanda ya nuna hoton zuciya yana gano yara masu cutar kusan ninki goma na waɗanda saurare da kunne ke ganowa. A 2021 kuma aka buga sakamakon wani bincike a Gulu ta arewacin Uganda, inda aka raba yara masu cutar a matakin farko gida biyu, kowane gida kusan 400. Cikin shekara biyu, a waɗanda ake yi wa allurar fenisilin duk mako huɗu, 3 kaɗai cutar ta ci gaba a jikinsu. A ɗaya gidan kuwa, 33. Wato allura mai araha, in an yi ta a kan kari, tana iya tare yaro tun bai kai ga wuƙa ba. Ba a ce kada ƙasashenmu su gina ɗakunan tiyata ba, gama akwai dubban da ba su da wata mafita. Amma ɗakin tiyata ba tare da ɗakin awon jini da fenisilin a unguwa ba, rijiya ce ba guga.

A Walia ɗin nan akwai babban asibiti da makarantar likitoci, waɗanda Fada Angelo Gherardi ya kafa, ana kiransu da sunan Basamariye mai kirki. Masu tuna labarin Basamariyen sukan tsaya a inda ya ɗaure wa mutumin raunukansa a bakin hanya. Amma bai tsaya nan ba. Ya kai shi masauki, ya bar kuɗin jinya, ya yi alkawarin dawowa. Sauran kwanakin duka, mai masaukin ne ya yi jinyar, shi ma ba a faɗi sunansa ba.

Littafin matar yanzu na huɗu ne. Kuma duk yaron da ya zo sayen ƙosai tana jin muryarsa ta dushe, sai ta aika wa uwarsa cewa a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe.