Kafin ka maƙala kyamara a katangar gidanka

1/ Masu tambayata ta bayan fage wace kyamarar tsaro za su saka a gida sun yi yawa, gara in amsa a zare ɗaya kowa ya amfana. Ba sayarwa nake yi ba. Magidanci ne ni a Kano, shekarata biyu da kyamara uku a jikin katanga. Ku biyo ni.

2/ Mu fara daidaita tsammani. Aikin kyamara biyu ne: ta sa mai niyyar haurowa ya sake tunani, in kuma ya hauro ta nuna maka fuskarsa da ƙarfe nawa ya zo. Kwaɗo mai kyau, fitilar waje da zaman lafiya da maƙwabta suna nan a matsayinsu, ba ta maye gurbin ko ɗaya.

3/ Abin da ya sa na saya: a layinmu kaya suka riƙa ɓacewa. Yau tukunyar gas, gobe batirin babur, jibi wayar injin ruwa. Nawa gidan sau biyu aka taɓa. Ana haka sai yatsa ya koma kan almajirin da ke yi mana shara da aike, yaron da bai wuce shekara 14 ba.

4/ Wani maƙwabcina ya tare ni bayan sallar asuba: "Malam, yaron gidanka ne fa. Shi ya san shiga da fitar kowa. Ka ba mu shi, bulala goma zai faɗa." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wa ya gan shi?" Babu wanda ya gan shi. Shi ne dai mai shiga gidaje, kuma ba shi da kowa a garin.

5/ Hajiya, mahaifiyata, ta ce da ni: "Shekara uku yaron nan yana shigo mana, ko allura ban taɓa nema na rasa ba. Kar ka bari a taɓa ɗan mutane a kan zato." A satin na nemo kyamara. Zan faɗi abin da ta gani, amma bari mu yi maganar sayen tukuna.

6/ Iri uku za ka tarar a kasuwa. Na farko ƙananan masu waifai da katin memori, irin su Tapo da Ezviz. Na biyu masu waya, da ake ja zuwa akwatin naɗa, wato DVR ko NVR, irin na Hikvision da Dahua. Na uku masu faifan sola da layin waya a ciki, na gona, kango ko gidan da babu intanet.

7/ Ɗan haya, mai waifai ta fi maka, ranar tashi ka kwance abinka. Mai gidan kansa da ke son ido huɗu zuwa sama, mai waya ta fi kwanciyar hankali. Wayar intanet ɗaya tana iya ɗaukar hoto da wuta tare har mita 100, in kyamarar da akwatin masu PoE ne.

8/ Kar a ruɗe ka da manyan lambobi a jikin kwali. Megafiksel 2, wato 1080p, ya isa ƙofar gida in an kafa ta daidai. Ta waje kuma ka duba an rubuta IP66 ko IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga, ruwan sama ba ya kashe ta. Ta cikin ɗaki in ka kai ta waje, damina ɗaya ta gama da ita.

9/ Wurin kafawa ya fi sunan kamfani muhimmanci. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku: hannu ba ya kaiwa, fuska kuma tana fita. In ka kai ta can saman bene, hula da tsakar kai kawai za ka riƙa gani. Kar ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta, mutum zai zama baƙar inuwa.

10/ Nawa tsarin: ɗaya a get tana kallon mai shigowa, ɗaya a lungun baya inda katangata ta haɗu da kango, ɗaya a inda nake ajiye mota da janareta. Ka zagaya gidanka da daddare ka tambayi kanka: in ni ne ɓarawo, ta ina zan bi? Nan ne wurin kyamara.

11/ Ganin dare. Ƙananan fitilun nan da ke ɗan yin ja a kewayen idonta haske suke fitarwa wanda idon mutum ba ya gani, shi ya sa hoton dare ke zuwa fari da baƙi. In ka sa ta bayan gilashin taga, hasken zai dawo mata, fari fat za ka gani. Haka in ta matsu da farin bango.

12/ Hasken nan yana jan ƙwari, ƙwari su ja gizo-gizo, ya yi saƙa a kan idon. Sai waya ta kwana tana ƙara, ka duba ka ga zare ne ke lilo. Da hunturu kuma ƙura ke rufe ta. Ƙyalle mai laushi duk sati biyu, shi ke nan.

13/ Wuta ita ce babbar magana a nan. Ɓarawo ya fi kowa son daren da aka ɗauke wuta, kyamarar da ke jikin soket kawai kuwa a lokacin take mutuwa. Masu kama da ƙwan fitila ma haka: yaro ya kashe makunni, ta tafi. Ka haɗa kyamara da rautar duka a kan batir.

14/ Lissafin ba wuya. Ƙaramar kyamara tana cin kamar wat 5. Uku sun zama 15, rauta kamar 10, jimla 25. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe wat-awa 1,200. In na ruwa ne rabi ake sha don ya daɗe, wato 600. Raba da 25, awa 24 ke nan a takarda. Cire asarar inbata, ka sa ran kusan awa 20.

15/ Memori. Kyamarar da ke naɗa megabit 2 a daƙiƙa ba tsayawa tana cinye kusan giga 21 a rana. Katin giga 64 kwana uku ke nan, na 128 kwana shida, sannan sabo ya hau kan tsoho. In ka saita ta naɗa sai ta ga motsi, katin zai kai ka makonni.

16/ Katin jabu ya yi yawa. A rubuta 128 a jiki, ainihinsa bai kai kusa ba, sai ranar da kake neman hoto ka tarar wayam. Ka sayi irin wanda aka yi don naɗa dare da rana, ka cika shi a kwamfuta ka gwada kafin ka saka. Akwatin naɗa kuma a ɓoye shi, ɓarawo mai wayo da shi yake tafiya.

17/ Data: naɗa a kati ba ya cin data. Kallo daga nesa ne ke ci, kusan rabin giga a awa in hoton megabit 1 ne. Sannan yawancin ƙananan nan waifai na 2.4GHz kawai suke kamawa. In taki haɗuwa, duba nan kafin ka ce ta lalace. Bangon siminti ma yana rage ƙarfinsa sosai.

18/ To, sati uku da kafawa, ƙarfe 3:12 na dare, ta lungun baya ta ɗauki mutum yana dirowa daga kangon. Ya ɗaga kai yana neman inda zai taka, fuska ta fito tar. Saurayi ne ɗan layinmu, ɗan gidan da ake gaisawa da mahaifinsa kullum a masallaci. Almajiri na can makarantarsu yana barci.

19/ Abokina ya ce in watsa a Facebook, duniya ta gani. Na ƙi. Kun san yadda taro yake idan aka ce ɓarawo, kafin hukuma ta iso an gama. Bidiyon kuma in ya fita ba ya dawowa, ƙannensa mata da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su ma sai ya bi su.

20/ Wajen mai unguwa na kai. Aka kira mahaifin, aka kunna a gabansa da dattawa biyu. Wasu kayan sun dawo, wasu aka biya. Alhajin nan mai bulala goma, da ƙafarsa ya je wajen malamin yaron ya ba da haƙuri. Wallahi wanke yaron nan ya fi mini tukunyar gas daɗi.

21/ In magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da na'ura ta fitar, da sharuɗɗansa. Saboda haka ka saita kwanan wata da agogon kyamara daidai. In abu ya faru, kwafe ainihin fayil ɗin nan take. Wanda ya bi ta WhatsApp ingancinsa ya ragu.

22/ Yanzu abin da masu kafawa ba sa faɗa. Kyamarar da ke kan intanet taga ce, kana leƙa waje, wani ma zai iya leƙo ka. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hoton kyamarori sama da 70,000 kai tsaye, har da na cikin ɗakuna, don masu su ba su canza kalmar sirrin kamfani ba.

23/ Ranar 21 ga Oktoba 2016 wata muguwar manhaja, Mirai, ta tara ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗa ta afka wa kamfanin Dyn a Amurka. Twitter kansa sai da ya ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Makaminta jerin kalmomin sirri ne kusan 60, irin su admin da 12345.

24/ Don haka ranar da aka kafa, a buɗe asusun da lambarka ko imel ɗinka, ban da na mai kafawa. Yana fita ka canza kalmar sirri, ka duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo, ka goge wanda ba ka sani ba. In manhajar na da tabbaci mai mataki biyu, kunna. In ta nemi sabuntawa, yi.

25/ Uwargida tun ranar farko ta gindaya sharaɗi: "Ban da tsakar gida. A nan muke zama ba mayafi, a nan baƙina ke sakewa." Gaskiyarta. Tsakar gida, ɗakin kwana, hanyar banɗaki, babu kyamara. Ita ma na saka mata manhajar a wayarta, ta fi ni zama a gidan.

26/ Maƙwabci ma yana da haƙƙi. Daga bene kyamara na iya hango tsakar gidan mutane da iyalinsu. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa. Ka karkatar da ita, ko ka rufe wannan ɓangaren da baƙin tambari a manhaja, ka kira shi ya gani da idonsa.

27/ Mai aiki, direba, mai gadi, a gaya musu akwai kyamara, da yawansu ma suna ɗaukar murya. Wanda kuma zai saka don gadin matarsa, matsalarsa ta wuce ta kasuwar kayan lantarki, ya nemi manya.

28/ Aikin ƙarshe, duk farkon wata: buɗe hoton daren jiya ka tabbatar tana naɗa, duba agogo, goge ido, kashe wutar gida minti biyar ka ga ko batir ya ɗauka. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi in amsa da daddare. Allah ya tsare mana gidajenmu.