Fitilar da Na Rufe da Salatif

Yau wani abin kunya na kaina zan ba ku labari, don na san a cikinmu mazauna Kurmi, daga Sabon Badun har Agege da Shagamu da Anacha, akwai masu abinci a kan a-kori-kura da yawa, kuma na tabbata ba ni kaɗai ne na taɓa yin irin wannan wauta ba.

Na zo Badun a 1998 da 'yar jakata, wani dattijo ɗan garinmu ya sauke ni a gidansa a Sabo, ya sa ni a harkar kayan gwari. Da dako na fara, na koma yaron mota, sai a 2019 Allah ya hore mini na sayi tawa: a-kori-kura tokumbo da aka yi amfani da ita a Amurka, ƙirar 2008, mai fulogi huɗu, mai shan fetur. Da ita nake ɗaukar tumatir da tattasai da albasa zuwa Shagamu da Ikko. Da ita nake biyan haya da kuɗin makarantar yara, da ita nake aika ɗan abin da ya samu gida Arewa.

A farkon 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen man nan mai yawan sinadarin metanol har layin mai ya dawo a gidajen mai, wata safiya na tayar da mota sai na ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari. Na kai ta wurin bakanikena, wanda duk muke kira Baba. Baba mutumin kirki ne, a kan Fijo 404 da 504 ya koyi aiki, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma in ya kara kunne a jikin inji yakan gaya maka abin da ke damunsa kafin ya taɓa sifana. Ya saurara, ya taka totur, ya duba baƙin mai, ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Wannan fitilar ta Turawa ce, man ƙasar nan ne ba ta so. Duk motar da ka gani a garin nan da ita take yawo."

Ya cire kan batir na 'yan mintoci ya mayar, fitila ta mutu. Bayan kwana uku ta dawo. Da ta ishe ni da dare, sai na yanki baƙin salatif na manna a kanta. Shi ke nan, ni da ita muka huta, a ganina.

Maganar gaskiya, ba Baba ne ya ruɗe ni ba, ni ne na je neman wanda zai gaya mini abin da nake son ji. An sha ba ni labarin masu gwada mota da kwamfuta, amma ina jin tsoro a ce mini gyaran na kuɗi ne masu yawa, kuma irin halinmu na zaman baƙunta, mutum ya fi sakin jiki da wanda suke magana da harshe ɗaya ko da aikin ba fanninsa ba ne. Fiye da shekara na yi a haka. Na lura mota ta ƙara shan mai, na ce lodi ne. Na lura takan ɗan yi rawa in tana silo, na ce tsufa ne. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, sai shan man ya fara ci mini rai, amma duk da haka ban ɗaga salatif ba.

Ranar da asiri ya tonu cikin damina ce, a watan Yulin 2023, lokacin da tumatir ke tsada. Na yi lodin kwando 18 zan kai Mile 12. Ba nawa ba ne ko ɗaya. Na mutum uku ne, kuma kwando 8 a ciki na maigidana ne, dattijon nan da ya sauke ni. Na bar Badun wajen ƙarfe huɗu na dare don in riski cin kasuwa. Ban yi nisa a babban titin Ikko ba mota ta fara karkarwa kamar mai zazzaɓi, in na taka totur sai ta yi nauyi. A cikin duhun nan sai na hangi wani ɗan haske yana leƙowa ta gefen salatif, yana kawowa yana ɗaukewa. Wato fitilar da a da take tsaye, yanzu ƙiftawa take yi. Tun yaushe ta fara? Wallahi har yau ban sani ba, tunda ni na rufe mata baki.

Na ce bari in lallaɓa. Na ci gaba da dannawa har wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika mini hanci, mota ta koma ba ta wuce tafiyar keke. Da ƙyar na gangara gefen hanya a Ogere, inda manyan motoci ke tsayawa. Na sauka na leƙa ƙarƙashi, sai na ga wani sashe na salansa ya yi jajir kamar garwashi. Jikina ya yi sanyi, don da akwai busasshiyar ciyawa a wurin, ko mai yana ɗiga, da wani labarin ake yi.

Sai da rana ta ɗaga na samu wata mota ta kwashe kayan, na biya kuɗin juye da na ɗauka daga aljihuna. Kafin su isa kasuwa ta faɗi, kwando 6 sun yi ruwa. Na biya masu kaya. Maigidana ya ƙi karɓar nasa, sai da na haɗa shi da Allah. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Kai da aka ba amana, motarka ma amana ce." Ya fi mini ciwo a kan ya zage ni.

A nan Ogere wani direban tirela ɗan'uwanmu ya kira mini wani yaro Bayarabe mai aikin wayarin. Ya zo da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, ya durƙusa ya soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe wayarsa. Shekara huɗu ina tuƙa motar ban san da kafar nan ba. Ya ɗago ya ga salatif, ya yi murmushi bai ce komai ba. Na ɓare shi da hannuna.

Abin da na koya daga ranar zuwa yau, shi nake so in bar muku. Motocin yanzu ba kamar na kafireto ba ne. Akwai kwamfuta a cikinsu, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota, tana auna iskar da ke shiga, da zafin ruwa, da hayaƙin da ke fita, ita ke yanke yawan man da za a fesa. In ta ga wani awo ya kauce sai ta ajiye lamba ta kunna fitila. Tun daga motocin 1996 dokar Amurka ta wajabta wannan tsari da ake kira OBD-II, Turai ta bi a 2001 ga masu fetur, kuma kafar iri ɗaya ce, mai ramuka 16. Saboda haka kusan duk tokumbon da ke hannunmu tana da ita. Cire kan batir yana goge lambar ne kurum, ciwon yana nan, shi ya sa fitilar ke dawowa.

Lambobi uku yaron ya karanto. Ta farko P0303, ma'anarta silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai, abin da muke cewa mota tana misin. Ta biyu P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Ta uku P0420, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikan ƙasar nan suka laƙaba wa suna indomi saboda kamar cikinta, ta daina aiki yadda ya kamata. Ya yi mini bayani cewa man da silinda ta uku ta kasa ƙonawa yana wucewa ɗanye cikin salansa, ya je ya kama da wuta a cikin matatar, ta yi zafi har ta narke ta toshe hanyar hayaƙi. Jan da na gani ke nan, kuma dalilin da ya sa mota ta kasa numfashi ke nan. Ƙiftawar fitila kuwa an yi ta ne musamman don wannan: tana cewa misin ɗin ya kai wanda zai ƙona matata, ka sassauta, ka tsaya.

Ya nuna mini wata dabara mai sauƙi. Kowane fulogi a injina da kwayil ɗinsa a kai. Ya ɗauke kwayil na uku ya musanya shi da na ɗaya, ya goge lamba, ya tayar. Sai lamba ta koma P0301. Ciwo ya bi kwayil, ke nan kwayil ne ya mutu, ba nozul ba. Da aka kwance fulogan kuwa, bakinsu duk ya cinye. Fulogin da ya cinye yana tilasta wa kwayil aiki fiye da ƙima har ya kashe shi. Tun da na sayi motar ban taɓa canja su ba. Ni a wurina sabis shi ne juye baƙin mai da canja filta.

Amma kada ku ɗauka na'ura ta gama komai. A kan lamba ta biyu yaron ya ce sai an sayi sabon ma'aunin hayaƙi, mai tsada. Da aka jawo motar Badun na kai wa Baba, ina ɗan jin nauyinsa, shi ma yana jin nawa. Na gaya masa na'ura ta ce iska ta yi yawa. Ya yi shiru, ya sa aka tayar, ya kara kunne yana bin inji a hankali, can sai ya sa yatsa ya toshe wani wuri, ƙarar inji ta canja. Wani ɗan tiyo ne ya tsage yana zuƙar iskar da kwamfuta ba ta auna ba. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci biyu ba. Aka canja, lambar ba ta sake dawowa ba. Baba ya ce, "Ashe abin nan ba ƙarya yake ba, sai dai bai san hannu ba." Gaskiyarsa. Lamba tana nuna maka unguwar da ɓarawo yake, ba ta nuna gidan. Wanda duk ya karanta lamba ya ce a sayo kaya ba tare da ya gwada ba, ka yi hattara da shi.

Matatar kuwa ba ta gyaruwa. Wasu sun ce in fasa ta a zubar da cikin, a mayar da fanko, haka kowa ke yi. Sai dai in an yi haka fitilar za ta zauna a kunne har abada, in koma gidan jiya: wani sabon ciwo ya zo ban sani ba. Na ci bashi na sayi wata. Tsadarta daga ƙarafa masu daraja da ke cikinta ne, shi ya sa ma ɓarayi ke yanke ta. Abin da na kashe a kanta zai saya mini fulogi na shekaru masu yawa.

Wani abin da ya ƙara ba ni kunya, agogon tafiyar motata da mil yake ƙirga, ba kilomita ba, kamar sauran motocin Amurka. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Duk lokacin da na ce na yi 5,000 zan juye mai, ashe na yi 8,000. Yanzu ina da ɗan littafi a mota, ina rubuta ranar da aka canja komai da lambar agogo. Fulogi na gama-gari ba a so ya wuce kamar kilomita 30,000, mai bakin iridiyam yakan kai 100,000. Matatar iska ina dubawa duk juyen mai, balle in na je gida da hunturu na sha ƙura.

Ku riƙe bambancin launi. Ruwan ɗorawa a tsaye, mota tana tafiya daidai: ba sai ka tsaya a daji ba, amma ka kai a gwada cikin kwanakin nan. Tana ƙiftawa: ɗaga ƙafa, nemi wurin tsayawa. Ja kuwa babu shawara. Mai siffar buta tana nufin ƙarfin zagayawar baƙin mai ya faɗi, kashe inji nan take, don 'yan mintoci sun isa ya buga. Ta zafi, tsaya, kuma kada ka buɗe lagireto sai ya huce. Mai siffar batir tana nufin caji ya tsaya, wataƙila bel ne ya tsinke, kuma a injuna da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa. Mai shirin sayen mota kuma, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, wani ya riga ka yin dabarar salatif, sai dai shi daga ciki ya yi tasa.

Yanzu Baba ya sa ƙaramin yaronsa ya sayi irin na'urar, yaron na karanta lamba, shi yana bi da kunne. Maigidana kuma ya ci gaba da ba ni kayansa, ko da yake duk ranar da zan tashi sai ya leƙo ta taga ya dubi gaban sitiyari, bai ce komai ba. Ni ma ba na cewa komai.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida lafiya. Sai wani jiƙon.