Wasan ruwan yara a Briqueterie idan famfo ya ɗauke

Duk ɗan kasuwar da ya sauka daga jirgin ƙasan Gaundere ya ce a kai shi unguwar Hausawa a Yawunde, to Briqueterie za a kai shi, nan maƙwabtan Messa da kasuwar Mokolo. Sunan ya samo asali daga wurin gasa tubali da aka yi a nan tun zamanin Turawa. Yau kuwa abin da za ka tarar shi ne babban masallaci, da shagunan shadda, da teloli, da hayaƙin tsire, wanda 'yan gari ke kira soya. Ni ma a nan nake da shago da iyali.

Garin a kan tuddai yake, sama da mita 700 daga gaɓar teku, shi ya sa mutanen Marwa da Sakkwato ke mana dariya idan muka yi kukan zafi. Amma ku zo a Fabrairu ko Maris, ƙarshen rani, ku shiga ɗakin haya mai rufin kwano da azahar. Babba ya fita gindin rumfa. Yaro ɗan shekara biyu kuwa sai kuka da ƙurajen zafi.

A lokacin ne kuma ruwa ke wuya. Ruwan famfon Yawunde daga kogin Nyong ake tace mafi yawansa a da, a Akomnyada kusa da Mbalmayo, sai a 2024 aka ƙaro na kogin Sanaga. An samu sauƙi, amma har yanzu akwai lungunan da famfo kan yi kwanaki shiru. Sai a koma rijiyar burtsatse, a hauro tudu da jarka mai lita 20. Wanda ya ɗauko ta a ka ba ya son ganin ɗigo a ƙasa.

To, a hana yara wasan ruwa ke nan? Matan gidanmu sun ce a'a. Na taɓa yi wa wata dattijuwa maƙwabciyarmu maganar ɓarna, ta ce, "Haba Alhaji, ai aro muka ba su, ba kyauta ba." Gaskiyarta. Yaron a cikin baho ake zaunar da shi, ruwan bai fi lita biyu ba, kuma duk abin da ya zubar a bahon yake komawa. In ya gama, a jiƙa kayansa da shi, sannan a goge daɓe ko a kora a bayan gida.

Kayan wasan duk na madafa ne. A ba shi kofi biyu da ludayi ya yi ta juyawa daga wannan zuwa wancan. A huda murfin gorar roba da allura, ta zama ruwan sama a hannunsa, rabin lita ya ishe shi dogon lokaci. A ba shi sabon soso ya tsoma ya matse a kansa. Wani a ba shi tsumma ya yi wa 'yar tsanarsa wanka. Jikata kuma tsohon buroshin fenti take tsomawa tana zane a bango, zanen ya bushe, ta sake wani. A yi a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar.

Sai dai akwai abin da nake roƙon iyaye, musamman mu maza da ke wuni a kasuwa. Lokacin ƙarancin ruwa ne gida ke cika da bokitai da robobi a buɗe. Yaro mai tatata kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da girman jikinsa, yakan rinjaye shi. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba zai iya fitowa ba, ba kuma za a ji ihunsa ba, ko da ruwan bai kai rabi ba. A rufe kowane mazubi da murfi mai ƙarfi. Mai kula da shi ta zauna inda hannunta zai kai gare shi, kada a bar wa yayarsa 'yar shekara shida, kada kuma a ce "bari in duba tukunya".

Na biyu, ruwan wasa ya zama wanda za a iya sha, domin dole sai ya kai baki. Ban da ruwan rafi ko na kwata, kwalara ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kada kuma a bar shi ya kwana a buɗe, sauro ke samun gida.

Idan kun shigo Yawunde sarin kaya a rani, ku leƙo lungunanmu bayan la'asar, za ku ji dariyarsu daga tsakar gida tun kafin ku yi sallama. Allah ya raya mana su.